Shawara nake nema: in tafi digirin digirgir kan lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko in shiga harkar bohol?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum manya da ƙanana na wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, kuma a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Bara na gama mastas ɗina a jiyoloji, ɓangaren ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma aikina na ƙarshe da MODFLOW, manhajar kwamfuta mai lissafa tafiyar ruwan ƙasa, na yi shi, a kan wata unguwa a nan Kano, na duba yadda ruwa ke tafiya a ƙasa da inda ƙazantar masai take nufa. To yanzu hanya ta rabe min biyu. Wani farfesa a Turai da na tura wa aikin ya ce in nemi gurbin digirin digirgir a wajensa, shekara huɗu, a kan lissafa yadda gurɓata ke yaɗuwa a ruwan ƙasa da kwamfuta, ni kuma burina tun ina aji biyu in koyar a jami'a in yi bincike. A ɗaya hannun kuma kawuna yana da motar haƙar bohol guda biyu, ya ce in zo in riƙe masa ɓangaren safiyo, albashi duk wata da kaso a kowane aiki, kuma ni ne babba a gidanmu, ƙannena biyar, Baba ya yi ritaya. Wallahi kwana nake ina juyi. Abin da ya fi damuna shi ne, shin wannan karatun yana da amfani a ƙasarmu ko kuwa zan je in ƙware ne a abin da ba mai nemansa a gida? Waɗanda suka riga mu shiga, ku taimaka.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni dai shekarata goma sha bakwai ina haƙar bohol, daga Kano zuwa Jigawa har Bauchi, kuma ban taɓa ganin ranar da mai aiki ya kira ni ya ce zo ga lissafin kwamfuta ka duba kafin ka sa ƙarfe a ƙasa ba. Abin da ake tambaya shi ne akwai ruwa ko babu, mita nawa, nawa ne kuɗin. Shi ke nan. Kuma bari in faɗa maka wani abu da na sani a aikace, wannan model ɗin naku, wato lissafin kwamfutar, ai da bayanai ake ciyar da shi ko? To ina bayanan? Mu da muke haƙawa yawancinmu ba ma rubuta irin ƙasar da muka ratsa, yau ka haƙa gobe ka manta, gwajin jan ruwa kuwa sai in aikin gwamnati ne ko na ƙungiyoyin waje, shi ma wani lokacin a takarda kawai ake yinsa. Ka je ka yi shekara huɗu ka dawo ba ka da abin zubawa a kwamfutar. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, ka bi kawunka, ka riƙe gida.

Sadiya Zariya:
Gaskiya maganar Baban Khalifa akwai ƙamshin gaskiya, amma a jira malamai su zo. Ni ina aji huɗu kuma irin wannan layin nake so, zan bi muhawarar nan har ƙarshe.

Malamin Jiyoloji:
Ɗan Fagge, Allah ya yi maka jagora. Ni shekara ta ashirin ke nan ina koyar da wannan fanni, don haka zan faɗa maka daɗinsa da ɗacinsa.

Ɗacin tukuna. Aikin jami'a a Najeriya ba wurin tara kuɗi ba ne, in ka dawo da dakta za ka fara ne daga matakin lakcara na ƙasa ka yi ta hawa a hankali, kuma kowane hawa da takardun bincike da ka wallafa ake auna shi. Mujallun da ake ji da su a fannin, wasunsu kuɗin bugawa da dala ne. Za a ba ka ɗalibai ɗaruruwa a kwas ɗaya, ga makin, ga mitin, ga duba furojet, lokacin da za ka zauna ka gina model sai tsakar dare in akwai wuta. Ka tuna yajin aikin 2022, wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, ba albashi. Duk wanda ya ce maka hanyar shimfiɗaɗɗiya ce bai gaya maka gaskiya ba.

Amma ban yarda da Alhaji Baban Khalifa ba a inda ya ce ba amfani. Ga waɗanda ba 'yan fannin ba, abin da ake nufi da model shi ne, ka ɗauki yanki ka yanka shi gida-gida kamar dara, sama da ƙasa, kowane gida ka gaya wa kwamfuta irin ƙasar da ke cikinsa, yashi ne ko laka ko dutse, da yadda take barin ruwa ya wuce, sai ka faɗa mata ruwan sama nawa ke nutsewa, nawa ake zuƙewa da famfo, ita kuma ta lissafa maka inda ruwan zai nufa. Tushen lissafin duk daga wani injiniya ne Bafaranshe, Henry Darcy, wanda a 1856 ya yi gwaji da yashi a bututu lokacin da yake aikin ruwan garin Dijon. MODFLOW kuwa hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ta fitar da shi a 1984, kuma har gobe kyauta ne, ba ka biyan ko sisi. Wannan muhimmi ne a gare mu, domin fanni ne da laftof ɗaya da kai mai kyau sun isa ka yi aikin da za a karanta a ko'ina, ba kamar masu buƙatar injin miliyoyi a ɗakin gwaji ba.

Tambayar da mai haƙa yake amsawa ita ce akwai ruwa a nan yau? Tambayar da kai za ka amsa ita ce, in kowane gida a unguwar nan ya haƙa, ruwan zai kai shekara goma? Kuma abin da ake zubarwa a bayan gari yaushe zai iso? Ba mai tambayarka yau ba yana nufin tambayar ba ta nan ba.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara girma. Amma batun rashin bayanan fa? Domin ni kaina a mastas rijiyoyi goma sha ɗaya kacal na samu na auna, kuma sau biyu kawai, rani da damina. Har yau zuciyata ba ta natsu da sakamakon ba.

Yaya Injiniya:
Rashin natsuwar nan taka ita ta sa na ga kamar ka dace da fannin. Ni na bi hanyar da kake tunani, na yi digirin digirgir a waje, na yi shekara uku ina aikin bincike na wucin gadi a wata jami'a, yanzu ina koyarwa a can. Bari in gaya maka abin da za ka tarar.

Na farko, karatun ba danna maɓalli ba ne. Mutane da yawa a gida suna ɗauka in ka iya zana taswira mai launi a manhaja ka zama gwani. A can za su zaunar da kai kan lissafi zalla, yadda ake warware waɗannan ma'aunai a kwamfuta, da ƙididdiga, da rubuta Python, wato yaren ba kwamfuta umarni, domin yanzu masu aikin da yawa da FloPy, wata manhaja ta Python, suke sarrafa MODFLOW, kuma daidaita model da abin da aka auna a fili da manhajar PEST ake yi, wadda John Doherty na Ostareliya ya rubuta. In lissafinka ya yi sanyi ka fara ɗumama shi tun yanzu.

Na biyu, ɓangaren gurɓata ya fi na ruwa zalla wahala nesa ba kusa ba. Ruwa yana ɗauke da gubar yana tafiya, tana bazuwa gefe da gefe, wata tana manne wa ƙasa ta yi jinkiri, wata ƙwayoyin halitta suna cinye ta a hanya, wata kamar fetur tana yawo a saman ruwan, wata kuma irin sinadarin wankin kaya ta fi ruwa nauyi sai ta nutse ƙasa ta zauna shekaru tana tsattsafowa. Manhajar da aka fi amfani da ita a wannan ita ce MT3D, Chunmiao Zheng ne ya rubuta ta a 1990, ɗan Chaina ne da ya yi karatu a Amurka, ya koyar a jami'ar Alabama shekaru masu yawa, daga baya ya koma ƙasarsa ya kafa makarantar nazarin muhalli a jami'ar SUSTech da ke Shenzhen. Ina kawo shi ne don ka ga ana tafiya kuma ana dawowa da abin a hannu.

Na uku, shi ne amsar tambayarka. Kada ka ɗauka su a can sun gama da matsalar bayanai. Akwai wani fili a sansanin sojin sama na Columbus a jihar Misisipi, ana ce masa MADE, inda masu bincike suka zuba sinadari a ƙasa da gangan suka kewaye shi da ɗaruruwan rijiyoyin awo, duk da haka lissafin da aka saba bai faɗi daidai yadda ya bazu ba, yawancinsa ya maƙale kusa da inda aka zuba, wani ɗan siriri kuma ya zarce can gaba ta cikin jijiyoyin tsakuwa. Mutane da yawa sun yi dakta a kan wannan fili ɗaya. Wato babban aikin fannin a yau shi ne yadda za ka yanke hukunci alhali ba ka ga cikin ƙasa ba, ka ce ga abin da ya fi yiwuwa, ga iyakar kuskurena, kuma ga wurin da in aka haƙa rijiyar awo ɗaya za ta fi rage min duhu. Wa ya fi mu buƙatar wannan ilimin? Mu ne ba mu da kuɗin haƙa rijiyar awo ɗari.

Baban Khalifa:
Dakta na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma har yanzu ban ga wanda zai biya shi ba. Ku a can in ka ce ruwa ya gurɓace akwai kotu akwai diyya. Mu a nan fa? Kuma ƙasar Kano da Zariya da Kaduna ai dutse ne a ƙasa, ruwan a tsaga yake, na sha haƙa nan in samu ruwa kamar kogi, in matsa taku ashirin in haƙa mita tamanin in tashi da ƙura. Wace kwamfuta ce za ta san inda tsagar take? Ni ba raina ilimi nake ba wallahi, 'ya'yana biyu suna jami'a, yaron nan nake tausayi da nauyin da ke kansa.

Yaya Injiniya:
Alhaji maganarka ta tsaga gaskiya ce ɗari bisa ɗari, yin model a irin wannan dutsen yana daga cikin mafi wuya a duk fannin, kuma wanda ya ɗauki MODFLOW ya yi kamar duk ƙasan Kano yashi ne ya yaudari kansa. Sai dai a tuna akwai ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, inda yawancin rijiyoyin gida suke sha, shi kam ana iya lissafa shi daidai gwargwado, kuma shi ne ƙazanta ta fi saurin isa.

Batun kotu kuwa haka ne. A sansanin sojin ruwa na Camp Lejeune a Amurka mutane sun sha gurɓataccen ruwa tsakanin 1953 da 1987, wani ɓangare daga shagon wankin kaya ne da ke kusa, kuma ba a riƙa awo ba a yawancin shekarun. Da model aka koma baya aka ƙiyasta yawan gubar da ke cikin ruwan wata bayan wata, kuma a 2022 aka yi dokar da ta ba waɗanda abin ya shafa damar neman diyya. Amma mu ma ba a ce ba mu da irinsa ba. Rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya samu sinadarin benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya sau 900, da man da ke yawo a saman ruwan ƙasa kaurin santimita 8. Aikin tsabtace wajen yana buƙatar masu irin wannan ilimin, in ba namu ba to za a ɗauko na waje a biya su da dala.

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba 'yar fannin ba ce, ma'aikaciyar lafiya ce a asibitin unguwa. Abin da nake gani duk damina shi ne yara da gudawa da taifod, layi guda gida bayan gida, in ka tambaya sai uwar ta ce ai mu ruwan bohol muke sha, kamar bohol ba ya ɗaukar cuta. Gidanmu ma fili ne hamsin da hamsin, rijiyarmu tana nan, sokawen maƙwabcinmu yana bayan katanga, tsakaninsu bai fi taku goma ba. Malam don Allah a taƙaice, wannan lissafin naku zai iya gaya min ko ruwan masai yana shigo mana? Domin ni in har zai iya, to ban ga dalilin da za a ce karatun ba shi da amfani ba.

Malamin Jiyoloji:
Hajiya kin kawo mu inda maganar take. Ƙa'idar da ƙungiyoyin agaji suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin ramin ya zama aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. To fili hamsin da hamsin ƙafa ce, wato kusan mita 15 kowane gefe, kin ga ko ina kika sa rijiyar ba za ki cika ƙa'idar ba, in kin kauce wa naki ramin kin faɗa na maƙwabci.

Bari in yi miki misali da lissafin Darcy, lambobin na misali ne ba na unguwarku ba. A ce yashi ne da ke iya wuce da ruwa mita 10 a rana, gangaren ruwan ƙasa kuma mita 2 a kowace mita 1000, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar ne kofofin da ruwa ke bi. In kin lissafa ruwan yana tafiyar santimita 8 a rana, kusan mita 29 a shekara. Ruwan ramin masai mai nisan mita 15 zai iso rijiyarki cikin wata shida da 'yan kwanaki. A wannan tsawon lokacin ƙwayoyin cuta da yawa sun mutu a hanya, amma sinadarin naitiret ba ya mutuwa haka, yana isowa, kuma in ya wuce miligiram 50 a lita haɗari ne ga jarirai musamman masu shan madarar gwangwani da aka dama da ruwan. Sannan da zarar an kunna samo, wato famfon cikin bohol, ana zuƙa, gangaren ya ƙaru, wata shidan nan ya ragu sosai, in kuma akwai tsaga a dutse ko ba a yi wa bakin bohol ɗin siminti da kyau ba, maganar ta koma ta kwanaki. Don gidanki ɗaya ba sai an yi model ba, ki kai ruwan a gwada, kafin nan a riƙa tafasawa ko a sa kulorin saboda ƙwayoyin cuta, amma ki sani tafasawa ba ta cire naitiret. Inda model yake shigowa shi ne unguwa gaba ɗaya, ramuka dubu da famfo ɗari biyar suna ja lokaci guda, wannan kai ba ya iya riƙe shi.

Ɗan Anka:
Ni ma ina goyon bayan ya tafi. Da muna da irin waɗannan masanan ai da gubar dalma ba ta kashe mana yara sama da 400 a 2010 ba, a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega da Dareta da Abare da 'Yargalma. Mu mun ga abin da idonmu, Allah ya jiƙansu.

Malamin Jiyoloji:
Amin ya Allah, Allah ya ba iyayensu haƙuri. Sai dai ƙanena a gyara wani abu don kada ɗalibai su ɗauka ba daidai ba. Gubar Zamfara babbar hanyarta ƙura ce da ƙasa, ana daka dutsen zinare ana niƙa shi a cikin gidaje, yara suna wasa a ƙasa suna kai hannu baki, shi ya sa maganin ya zama kankare ƙasar gidajen a sauya ta da mai tsabta, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suna ba yaran magani. Dalma tana manne wa ƙasa sosai, ba ta saurin tafiya da ruwan ƙasa. Model ɗin ruwa ba shi ne zai hana wannan musibar ba. Inda yake da amfani shi ne bayan nan, ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasar da kududdufan da aka wanke dutse a ciki, a san ko nan da shekaru za su taɓa rijiyoyi. Ɗan Fagge ka riƙe wannan, sanin inda iliminka bai kai ba yana cikin aikin, kada ka zama mai cewa komai model.

Ɗiyar Maraɗi:
Sallama gare ku daga Yamai. Ni nan nike karatun dakta a wannan fanni kuma ina so in ba Alhaji mai foraj, wato bohol, amsa da abin da ya faru wajenmu. Kowa ya san farin da anka yi a shekarun 1970 da 1980, ruwan sama ya ragu, to kowa zai ce ruwan ƙasa ma ya yi ƙasa ko? Amma a kudu maso yammacin Nijar kewayen Yamai sai anka tarar ruwan rijiyoyi hawa yake, kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne an sare daji an maida shi gonaki, ruwan sama ya daina tsayawa a fili, yana gangarawa tafkuna da ƙorama, daga nan yake nutsewa ƙasa. Wa ya gano wannan? Mutanen da sunka yi shekaru suna zagaya rijiyoyin ƙauye da igiyar awo suna rubutawa, masu binciken cibiyar IRD ta Faransa tare da namu na nan, sannan anka sa lissafi a kai. Ba wani injin tsada, igiya ce da littafi da haƙuri.

Sannan ruwan da ke ƙarƙashin Sakkwato da Kabi shi ne dai ke ƙarƙashin Tawa da Doso har Mali, babban kwarin Iullemmeden, bai san iyaka ba. Hukumar OSS mai sa ido kan Sahara da Sahel da ke Tunis ta yi model ɗinsa tare da ƙasashen ukku. In an zauna teburin raba irin wannan ruwa, ƙasar da ba ta da mai iya buɗe model ɗin ya duba abin da anka zuba ciki sai dai ta sa hannu kan abin da anka ba ta. Shawarata ga ɗan uwana ita ce ya tahi, amma ya roƙi farfesan ya bar shi ya yi aikin a kan ƙasar gida, ya riƙa zuwa awo duk shekara. In ya yi shekara huɗu a kan wani kwari na Turai mai bayanan shekara ɗari, zai dawo da hannu mai kyau amma bai san ta inda zai kama namu ba.

Ɗan Yerwa:
Wallahi 'yar uwa kin faɗi abin da ke raina. Mu a Maiduguri ruwan ƙasanmu hawa uku ne, na sama da na tsakiya da na can ƙasa mai zurfin kusan mita 500, kuma iyayenmu suna ba da labarin bohol ɗin da aka haƙa a Borno a shekarun 1960 da ruwa ke fitowa da kansa ba inji, dare da rana yana zuba. Yau da yawansu ƙarfin ya ragu, wasu sun tsaya. Sannan ga ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, ruwa ya shanye masai da makabarta da kasuwa, ya zauna kwanaki a kan hawa na sama da talakawa suke sha. Wa zai ce mana me ya nutse kuma ina ya nufa? Hukumar tafkin Chadi tana Njamena tun 1964, akwai NIHSA, hukumar da ke auna ruwan Najeriya, akwai cibiyar horar da ma'aikatan ruwa ta Mando a Kaduna, duk wuraren da mai wannan ilimin zai yi aiki da su ne ko yana jami'a.

Baban Khalifa:
To na ji, kuma maganar igiya da littafi ta shige ni. Ni dai ban janye batun gida ba, don yunwa ba ta jiran shekara huɗu. Ƙanena in gurbin nan ba da cikakken tallafi ba ne, wanda za ka ci ka turo wa su Baba wani abu, kada ka taka ko'ina, kada ka sayar da fili don karatu. Amma in da tallafi ne to ba zan hana ka ba. Kuma ni akwai littattafai guda shida a shagona da wani yarona mai tsabtar aiki ya riƙa rubuta zurfi da irin ƙasa da inda muka samu ruwa, na wajen shekara biyar, ban taɓa sanin za su yi wa wani amfani ba, har na kusa ba masu ƙosai.

Yaya Injiniya:
Alhaji don girman Allah kada ka ba kowa littattafan nan, abin da muke nema ke nan ido rufe. Ɗan Fagge, batun tallafi gaskiya Alhaji ya faɗa. A ƙasashe irin Holan da Jamus da yawan guraben dakta aiki ne da albashi, ka tambayi farfesan kai tsaye ko gurbin da kuɗi yake, ba abin kunya ba ne. In babu, akwai masu ba da tallafin karatu irin DAAD ta Jamus da PTDF ta Najeriya. Ka kuma tambaye shi ɗalibansa nawa suka gama kuma a shekara nawa, ka nemi ɗaya daga cikinsu ku yi magana a gefe, domin mai duba aikinka shi ne rabin karatun. Kuma kada ka ɗauka kawu da jami'a kishiyoyi ne, malaman fannin nan da yawa da aikin ba da shawara ga masu haƙa da hukumomi suke cike giɓin albashi, kai kuwa ga motar haƙa biyu a gidanku, duk ramin da suka haƙa bayani ne.

Sadiya Zariya:
Malam ni da ban kai mastas ba me zan fara yi tun yanzu?

Malamin Jiyoloji:
'Yata ki sauke MODFLOW 6 da ModelMuse, manhajar da ake sarrafa shi da ita, daga shafin USGS, ki fara koyon Python ko awa ɗaya a rana, littattafan ruwan ƙasa na ƙungiyar Groundwater Project ma kyauta ne a intanet. Sannan ki zaɓi rijiyoyi biyar kusa da gidanku, ki nemi izinin masu su, ki riƙa auna zurfin ruwan ranar ɗaya ga kowane wata da sassafe kafin a fara ja, ki rubuta kwanan wata. Kada ki tsallake ko wata ɗaya.

Ɗan Fagge:
Jama'a na rasa bakin godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri. Daren nan zan rubuta wa farfesan in tambaye shi batun kuɗi da kuma ko zai yarda aikin ya zama a kan Kano, don akwai unguwannin da ke kusa da masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa da na daɗe ina son in bi sawun ruwansu. Kafin amsa ta zo zan fara fita da motar kawu, kuma na ce masa sharaɗina ɗaya, duk ramin da muka haƙa sai an rubuta shi mita bayan mita. Gobe bayan sallar isha'i zan zauna da Baba in karanta masa duk abin da kuka rubuta, abin da ya ce shi za a yi. Alhaji Baban Khalifa in ba damuwa ranar Asabar zan zo shago in ɗauki hoton littattafan.

Baban Khalifa:
Ka zo bayan la'asar, da safe muna da aiki a Wudil. Ka taho da mai karanta rubutun yaron, don wani wajen da ajami ya rubuta.

Maman Hanif:
Ɗan Fagge in ka fara zagayen awon don Allah ka sa rijiyarmu a ciki, zan turo maka kwatance ta akwatin sirri. Maƙwabtanmu uku ma sun ce a haɗa da tasu.